Sarkin Ruwa a Kogin Dee

Baki shi ke yanka wuya. Nawa ya yanka ni a ɗakin shan shayi na sashenmu, a birnin Abadin na ƙasar Sukotlan, ranar da wani abokin karatuna ya shiga kuri da kamun kifin ƙasarsu. Na bar shi ya gama, sannan na zaro waya na nuna musu bikin Argungu: dubban maza sun ja daga a gaɓar Matan Fada, kowa da homa da gora, ana buga bindiga suka afka ruwa. Na ce tun 1934 muke wannan, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara garinmu, kuma giwan ruwan da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne. Ko ƙarya ɗaya ban yi ba. Babu dai wanda ya tambaye ni ko na taɓa shiga ruwan, ni kuma ban ga amfanin gaya musu cewa wurina a bikin shi ne kan katanga, da rake a hannu ba.

Daga nan suka naɗa ni sarkin ruwa. Da na kammala aikin digirina sai suka yi karo-karo, suka saya mini yini guda na kamun kifin samon a Kogin Dee, har da ɗan jagora, wanda a can suke kira gili. Na yi shirin da ya kamata. Na aro babbar kula wurin maƙwabta, na cika ta da ƙanƙara, na gayyaci 'yan Najeriyar unguwarmu su zo shan farfesu bayan isha'i. Na kuma kafa hulata zanna, saboda hoto.

A wajen garin Banchory na sami gilin, dattijo mai farin gashin baki, wanda ya fi ƙarfin shekara talatin yana aiki a wannan yanki na kogin. Kogin nan, mai tsawon kilomita kusan 140, an yanka shi yanki-yanki, kowane yanki da mai shi, ana haya kamar rumfunan kasuwa. Can sama akwai na gidan sarautar Ingila a Balmoral. Ranar Lahadi kuwa doka ta hana kamun samon a duk faɗin ƙasar. Bayan mun gaisa, sai ya tsaya yana kallon kulata.

"Yallaɓai, wannan fa?"

"Ta kifi ce, Baba."

"Wane kifi?"

"Wanda za mu kama, in Allah ya so."

Ya shafa gashin baki ya ce a Dee duk samon da aka kama mayar da shi ake yi ruwa da ransa, tun 1994 suka fara wannan tsari. Na yi dariya, don na san Turawa da barkwanci ba tare da murmushi ba. Shi bai yi dariya ba. Ya ɗauki kular ya ajiye a bayan bukka, inda ba za ta ba kowa kunya ba.

Sai ya buɗe wani ɗan akwati ya nuna mini abin da za mu yaudari kifin da shi: ƙudan bogi, wato ƙugiya da aka ɗaure wa gashin tsuntsu da na dabba da zare mai ƙyalli, kowanne da sunansa na yanka. Ya zaɓo wani mai ruwan goro ya ce sunansa Ally's Shrimp. Na ce to, ina tanar da za a soka a jiki? Ya ce babu tana. Na ce me kifin zai ci? Ya ce ai samon ba ya cin abinci idan ya shigo kogi.

Na nemi wuri na zauna a kan dutse, na ce ya maimaita a hankali. A cikin tsakuwar wannan kogi ake ƙyanƙyashe kifin. Ya yi 'yan shekaru a nan, sannan ya gangara teku, wasu har ruwan Girinlan da tsibiran Faroe, ya ci ya yi ƙiba. Bayan shekara ɗaya zuwa uku ya juyo, ya nemo kogin da aka haife shi, ya yi ta hawa yana tsallake duwatsu don ya hayayyafa. Da zarar ya bar ruwan gishiri sai ya kame baki, kitsen jikinsa ne guzurinsa, wani lokaci wata da watanni. Me zai sa mai azumi ya cafki gashin tsuntsu? Dattijon ya ce wasu sun ce haushi, wasu sun ce tsohuwar ɗabi'a, shi dai bai taɓa tambayar kifin ba. Na yi lissafi a raina. Abokaina sun kashe kuɗin da zai sayi ragon layya, don in jefa wa kifin da ba ya ci abin da ba abinci ba ne, kuma in ya yi wautar kamawa in ba shi haƙuri in sallame shi.

Aka zura ni cikin wandon roba mai haɗe da takalmi, ya zo mini har ƙirji, aka miƙa mini sandar fatsa mai tsawon ƙafa 15 wadda sai da hannu biyu. Watan Afrilu ne, ruwan daga narkakkiyar ƙanƙarar duwatsun Cairngorm yake saukowa. Ina shiga na daina jin ƙafafuna, kuma ba mu sake jin ɗuriyar juna ba sai la'asar.

Jifan ma da makarantarsa. Tun da ƙudan ba shi da nauyi, nauyin igiyar ne ke kai shi. Salon da ya koya mini daga Kogin Spey ya samo asali, inda bishiyoyi da gaɓa ba sa barin mutum ya wurga igiya ta baya: ka ɗaga sanda, ka zagayo da igiyar ta yi baka a gefenka, ka mirgina ta gaba. A hannunsa igiyar ta miƙe sumul ta kwanta a tsakiyar kogi. A nawa hannun ta naɗe ni, ta naɗe sandar, ta leƙa kan wata bishiya. Da na zuciya na sa ƙarfi, sai na ji kaina sakayau. Ga zannata can a sama, maƙale da ƙugiya.

"Kamun farko ke nan, yallaɓai," in ji dattijon.

An daddanne ƙayar ƙugiyar don a riƙa cire ta daga bakin kifi ba tare da rauni ba, saboda haka hular ma ta samu 'yancinta nan take. Ina kallo ta kama hanyar Tekun Arewa.

Daga nan aikin ya zama jifa ɗaya, taku ɗaya, har hantsi ya wuce. Ya riga ya ja mini kunne cewa in na ji an ja, kada in fizga, in bar kifin ya juya da ƙugiyar da kansa, kuma a nan baƙi suka fi faɗuwa. Ni na ci wannan jarabawa, domin lokacin da igiyar ta miƙe, hannuwana sun daskare, ko kuɗi aka miƙo mini ba zan iya fizga ba. Kwarkwaron da ke naɗe igiyar ya fara kuka. Can wani abu fari fat ya yi tsalle ya faɗo, dattijon ya ce, "Sanda sama! Bar shi ya gudu!" Ya gudu, na jawo, ya sake gudu. Sannu a hankali ya gaji, ya matso inda ruwa bai kai gwiwa ba, taku biyu tsakanina da shi.

Jinin Kabawa ba ya neman izini. Na yar da sandar, na ce bismillahi, na faɗa masa da hannu biyu yadda na ga ana yi shekara da shekaru daga kan katanga. Har yau ina nan a kan cewa dabarar daidai ce, wandon ne ya ci amanata. Ruwa ya kwararo ta ƙirji ya cika shi, na zauna daɓas, kifin ya mare ni da wutsiya ya wuce. Dattijon ya tsaya tsakanin sarkin ruwa da sandar da ta fi kuɗin hayar ɗakina. Sandar ya fara cetowa.

Kifin yana nan a ƙugiya. Dattijon ne ya ƙarasa jawo shi cikin koma, ya jiƙa hannu, ya cire ƙudan ba tare da ya ɗaga shi daga ruwa ba. Ya tallafe shi, kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, muryar da bai taɓa yi mini magana da ita ba, har ya farfaɗo ya sulale. A bukka, ina rawar ɗari cikin bargon karensa, ya ba ni shayi ya ce lokacin ƙuruciyarsa kogin cike yake, yanzu kuwa, a ƙarshen 2023 an sa samon na Birtaniya cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Teku na ɗumama, ƙoramu na zafi da rani, shi ya sa suke ta dasa bishiyoyi a gaɓa don inuwa. Ban yi gardama ba, haƙorana ba su bar ni ba.

Don ya share mini hawaye, da yamma ya kai ni wani tafki da ake zuba kifin tirawut na kiwo, inda in ka biya za ka iya tafiya da abin da ka kama. Na yanki tikitin kifi biyu. Wata yarinya da ba ta wuce firamare ba ta kama nata a gefena ta tafi. Nawa biyun suna nan cikin tafkin, ina bin su bashi. Baƙina kuwa taliya suka ci da kifin gwangwani, babu wanda ya ce uffan sai mai kular, wanda ya tambaya ko ƙanƙarar ta isa.

Washegari na aika hoto gida. Kawu ne ya fara kira.

"Ɗana, kilo nawa?"

"Ba a auna ba, Kawu. An sake shi."

"Ya kuɓuce?"

"A'a, da gangan."

"Aka biya ka nawa?"

"Mu muka biya."

Ya yi salati ya kashe waya. Bayan sallah wani ɗan garinmu ya dawo karatu, ya kira ni ya ce Inna ta so ya taho mini da banda, ya gaya mata ba zai iya shigo da ita ba, amma ta ba shi saƙon baki. Ta ce tana ajiye mini tarwaɗa kwando guda har in dawo, kuma a gaya mini an riga an ƙyafe su, kada in ce zan kai su Matan Fada.