Ranar da na cinye hanyar Gwanja

'Yar ƙanwata ce ta matsa mini. Shekararta ta ƙarshe ke nan a sashen zane-zane na jami'arsu, kuma al'adar sashen ce duk ɗalibin da zai fita ya baje aikinsa a zaure jama'a su gani, sannan wani farfesa baƙo ya zo ya ba da maki. "Kawu, duk gidanmu kai kaɗai ne ba ka ce ɓata lokaci nake yi ba," in ji ta. Gaskiyar magana, tambayata ce ba a yi ba.

Na zuba babbar riga, na kafa hula, na isa tun kafin goma ta buga. A bakin ƙofa wani yaro mai suma kamar sheƙar shamuwa ya tare ni da tarihi: a 1958 wasu ɗalibai a Zariya, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiya, suka ce sun daina bin zanen Turawa ido rufe, sai sun gauraya shi da na gida. Na dinga gyaɗa kai kamar da ni aka yi zaman. A wajen tukwane ya ce in zaro naira ashirin in duba bayanta. Ashe matar nan Ladi Kwali ce, maginiyar da jami'ar Ahmadu Bello ta bai wa digirin girmamawa a 1977. Shekara da shekaru ina sayen ƙosai da ita, ban taɓa tambayar sunanta ba.

Na ga wani doki da aka ƙera da sarƙar babur da tsofaffin cokula. Na tambayi mai shi nawa 'yan gwangwan suka taya. Bai yi dariya ba.

Can a kusurwa sai zuciyata ta yi sanyi. Ga tabarma, ga yashi an barbaɗa, ga faifai biyu, ga jan goro an jera tsakaninsu, manya, masu sheƙi. Na ce alhamdu lillahi, ashe 'yan boko ma sun san haƙƙin baƙo. Akwai wata 'yar takarda a gefe mai ƙananan rubutu, amma tabarauna yana gida. Na ɗebi biyu na kaina, na miƙa wa mai gadi uku, na zura biyar a aljihu don surukata. Kuma goron ya amsa sunansa.

Ina tsakiyar na biyu na ji salati a bayana.

"Kawu! Ina Salaga?"

Na ce ban ga kowa ba tun da na shigo.

Ta dafe kai. Ashe aikin nata ke nan, wanda na zo kallo. Faifai ɗaya Kano ne, ɗayan Salaga a ƙasar Gana ta yau, jerin goron kuma hanyar fataken Gwanja, masu fita da kanwa da fata da rinannun tufafi, su yi watanni a tafe, su dawo da goro a bayan jakuna. Ƙwarya guda ta saya, ɗari cif, ta zauna daren jiya tana jerawa. Ni kuwa na share kasuwar Salaga tas, na kuma huda ayari a tsakiya.

Aka shiga ceto. Na amayar da biyar na aljihu. Mai gadi ya dawo da biyu, yana kallona kamar na ƙwace masa gado. Ya zama casa'in da bakwai, sai gutsuren da ke hannuna, da shaidar haƙorana a jiki. Kafin a yi maganar zuwa kasuwa sai ga malamai sun shigo da farfesa. Ta warce gutsuren ta cusa a giɓin.

Farfesa ya bi hanyar da ido tun daga Kano. Da ya kai tsakiya ya tsaya, ya tsuguna, ya gyara tabarau.

"Wannan gatsattsen fa, me yake nufi?"

Yarinya ta yi tsit. Jini ba ya ƙarya, sai na ji bakina ya buɗe da kansa: "Kuɗin fito ne, ranka ya daɗe. Ba a ƙetare Kwara kyauta."

Ya ce, "Uhum!" Ya daɗe yana rubutu, har ya juya shafi. Sannan ya tambaye ta ko ni wane ne. 'Yar da na yi wa huɗuba da bakina ta ce ita ma yau ta fara ganina.

Da zai wuce ya raɓo kusa da ni, ya rage murya: "Alhaji, akwai sauran kuɗin fito a gemunka."