Rabin Kuɗi Kafin Almakashi

Ni tela ce a Tamanrasat, kuma magana ɗaya na riƙe: duk macen da ke son kekenta ya haifi na biyu a garin nan, kada almakashinta ya taɓa yadi sai rabin kuɗin ɗinki ya shiga lalitarta. Malamin da ke roƙa wa mutum Allah ma yana karɓar kafin alƙalami, balle ni da ke sayen zare. Tamanrasat zango ce. Daga nan zuwa In Gezzam, bakin iyakar Nijar, kusan kilomita 400 ne, zuwa Aljiyas kuwa kusan 2,000, kuma da yawa cikin masu kawo mana ɗinki ƙafarsu ɗaya a mota take. Wadda muka auna yau, jibi sai mu ji ta nausa Gardaya, ko kuma, Allah ya kiyaye, an mayar da ita Assamaka ta Nijar ba shiri. Sai a bar mu da rigar da aka yanka daidai ƙugun mace ɗaya tak a duniya. Da haka muke wayar gari mun zama masu gadin atamfa, ba albashi.

Ga kuma rikicin lissafi. Mutanen Aljeriya da santim suke ƙirga kuɗi a baki, don haka miliyan ɗinsu dinari 10,000 ne kacal. Baƙuwar tela idan ta ji Hajiya ta ce miliyan, kafin ta zare tef daga wuya ta riga ta biya kujerar Makka a zuci. 'Yar Damagaram kuwa da dala da jaka na sefa take tunani. In aka bar ciniki sai bayan ɗinki, kowacce za ta tuna farashin da kuɗin da ya fi yi mata sauƙi, kuma kowacce za ta rantse.

Za a ce ina zumunci, muna baƙunta a ƙasar wasu? Na san waƙar: “Haba Yaya, ni ce fa, 'yar Kance!” Ban ƙi ba, amma takardar kuɗin wuta ta Sonelgaz ba ta san 'yar Kance ba, mai ɗakin haya ma haka. Bashi hanji ne, sai dai nawa ya fi na kowa tsawo.

Ƙorafin da ya fi cizo shi ne na masu cewa tela maƙaryaciya ce, a ba ta kuɗi ta ƙara samun abin yin “gobe in sha Allahu”. Nan kam na sunkuyar da kai, don jajiberin Sallah babu telar da ba ta taɓa kashe waya ta ɗora laifin a kan wutar lantarki ba. To amma kuɗin nan igiya ce mai ɗaure mutum biyu. Wadda ta biya rabi tana da bakin zaunar mini a shago har in sa maɓalli na ƙarshe, ni kuma ba ni da ikon yi mata yanga, don ta ga matan Buzaye. Suna naɗa laffaya tun daga ka har idon sawu, su fita fes, tela ba ta ci ko sisinsu ba. In na ɓata mata rai, bajekolin Assihar na nan tafe, ta sayi laffaya uku ta manta hanyar shagona.