Maroƙin da Ke Ciyar da Ubangidansa

Tun kaka da kakanni an san yadda roƙo ke tafiya a ƙasar Hausa. Mai sarauta ko mai dukiya ya harɗe, makaɗi ya zo ya wasa shi, ya jero masa iyaye da kakanni har da waɗanda shi kansa bai san an yi su ba, daga nan a tuɓe riga ko a kwanto doki a miƙa. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, kuma amincin da ke tsakaninsu ya kai ga cewa da ya rasu a watan Yunin 1999, a Daura aka yi masa makwanci. A wancan tsarin babu mai aikin banza. Masu kalangu suna da kasonsu, 'yan amshi suna da nasu, sanƙira ma ba ya kwana da yunwa. Zamani ya zo ya kifa ƙwaryar. Yau mawaƙi ne ke kishingiɗe a Kano ko Kaduna ko Abuja cikin sanyin na'ura, saurayi kuwa a Baure ko Babban Mutum ko 'Yanduna shi ke yi masa kirari, shi ke yi wa abokan hamayyarsa zambo, shi ke gadin mutuncinsa daga asuba har tsakar dare, sannan kuma shi ke biyan kuɗin hidimar daga aljihunsa. Wannan bawan Allah, da ake kira masoyi, maroƙi ne cikakke. Bambancinsa da na da kawai shi ne shi ke ciyar da ubangidansa.

A duba ɗawainiyar da ke kansa. Baure gari ne na bakin iyaka, tsallaken Magarya ta Nijar, inda abincin mutane ya dogara ga gero da dawa da wake da ɗan abin da aka samo a kasuwa ko a ci-rani. Wutar lantarki baƙuwa ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana, don haka dole masoyi ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya. Ya biya mai tura waƙa. Ya sayi data, wadda hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, bayan cire tallafin fetur na 2023 ya riga ya rage wa kowa ƙiba. Duk wannan jarin ana zuba shi ne don a samu damar gaya wa wani saurayi da ke Gusau cewa ubangidansa bai iya waƙa ba. Kuma a lura da sunan da ake kiran mawaƙin: maigida. A al'adarmu maigida shi ne wanda idan an yi maka haihuwa zai aiko da rago, idan aka kama ka zai je ya yi beli. Wannan maigidan kuwa, da zai haɗu da yaron nasa a tashar Daura, abin da zai fara yi shi ne ɗaga gilashin mota.

Ilimin da ake tarawa a wannan hidima ba ƙarami ba ne, kada a raina. Akwai samarin da za su lissafa maka motocin mawaƙi da launinsu da wanda ya ba shi kowace, su gaya maka wace jaruma ce aurenta ya mutu, saki nawa ne, kuma su ƙirga maka ranar da iddarta za ta cika ba tare da sun duba kalanda ba. Malaman makarantun allo sun daɗe suna fama a kan babin idda almajirai na gyangyaɗi, ashe abin da ya rage shi ne a kawo misali da 'yar fim. Mata ma ba a bar su a baya ba. A gidan biki ko gidan suna, kafin a sauke tukunyar farko an gama shari'ar wadda ta fito da shigar da ba ta dace ba, an yanke hukunci, an ɗaukaka ƙara, an kuma tabbatar da hukuncin. Wadda ake yi wa shari'ar tana can tana barcinta.

Hausawa sun ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma masoyi ya soke wannan karin magana, domin shi babu faɗan da babu ruwansa. A 2019 saɓani tsakanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya kai har gaban kotu a Kano, kuma cikin abin da ya hura wutar akwai zargin zage-zagen da yara ke yi da sunan iyayen gidansu. Manya suka shiga, aka sasanta, jaruman biyu suka ci gaba da harkokinsu. A watan Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. To ina sojojin da suka yi yaƙin? Babu wanda ya kira su zaman sulhu, babu wanda ya ba su takardar sallama. Irin wannan yaƙi kullum haka yake ƙarewa: manya su rungumi juna a gaban kyamara, a bar 'yan acaɓa biyu masu tsayawa a inuwar bishiya ɗaya suna gaisawa sama-sama, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara ba da haƙuri a kan laifin da ba a yi wa ɗayansu ba.

Hujja mafi ƙarfi kuwa daga jiharmu ta fito. A 2020 Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja, ya nemi masoya Shugaba Muhammadu Buhari kowa ya turo Naira 1,000 kafin ya saki sabuwar waƙar yabonsa, kuma mutane suka yi ta turawa. A tsaya a yi wa wannan dabara adalci, domin ta cancanci a cire mata hula. Tun da aka fara roƙo, wanda aka yaba shi ke biya. Nan kuwa an yabi shugaban ƙasa, talaka ya biya. A watan Oktoban 2023, bayan Buhari ya sauka ya dawo gida Daura, mawaƙin ya kira 'yan jarida ya soki yadda aka tafiyar da mulkin. Ba a nan ake tantance wanda ke da gaskiya ba, kuma mawaƙin siyasa sana'arsa yake yi, kamar yadda magabatansa suka yi. Abin tausayi shi ne masoyin da ke ƙasar Daura, wanda ya wayi gari da iyayen gida biyu a cikin waya ɗaya, ga waƙoƙin yabo cike da memori, ga kuma sabon bayani daga bakin mai waƙoƙin. Ba a tanadi teburin mayar da kuɗi ba.

Za a ce, to malam, gulma yau aka fara ta? Ba yau ba ne, kuma duk wanda ya ce kakanninmu ba su taɓa cin naman wani a bakin rijiya ko a gindin bishiya ba, bai zauna da tsofaffi ba. Ko tsegumin 'yan fim ya girmi yawancin masu yin sa a yanzu, tun da mujallar Fim ta fara fitowa a 1999, ana karanta kwafi ɗaya har ya yage. Sai dai tsohuwar gulma kyauta ce, kuma tana da ɗan amfaninta: da ita ake sanin wanda ba a ba bashi, da gidan da ba a neman aure, da ɗan kasuwar da mudunsa ke da rami a gindi. Gulmar yanzu an sa mata mita. YouTube ba ya fara biyan mai tasha kuɗin talla sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara, daga nan ya riƙa ba shi kashi 55 cikin ɗari na abin da tallar ta kawo. Shi ya sa kowane labari ke zuwa da salati a gaba, da alkawarin tonon silili, da hoton jaruma an zagaye fuskarta da jan layi, ka shiga ka tarar an shafe minti goma ana maimaita abin da ke rubuce a kai. Na'urar da ke ƙirga masu kallo ba ta san masoyi ba, ba ta san maƙiyi ba. Wanda ya shiga don ya yi addu'a da wanda ya shiga don ya tsine, kuɗinsu ɗaya. Saboda haka mahassadan da mawaƙanmu ke yi wa habaici a kusan kowace waƙa, su ma kwastomomi ne, kuma ba mamaki sun fi masoyan zuwa kasuwa a kan lokaci.

Wani kuma zai ce ai duk duniya haka ake yi, don me za a sa wa yaran Baure ido? Gaskiya ne, a Legas magoya bayan Wizkid da na Davido sun shafe shekaru suna gwabzawa. Amma tunda an ɗauko duniya, a ɗauko ta duka. A watan Yunin 2020 ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu mai suna BTS ta ba da gudummawar Dala miliyan 1 ga masu fafutukar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, magoya bayanta suka tara kwatankwacin wannan kuɗi cikin kusan kwana guda suka ɗora a kai. Waɗancan ma haukan suke yi, sai dai haukansu yana da ma'aji da littafin lissafi. Namu ƙungiyoyin masoya suna da shugaba, da mataimaki, da sakatare, da jami'in hulɗa da jama'a, da mai ladabtarwa, wani lokaci har da uban ƙungiya, amma babban aikin da aka fi saninsu da shi shi ne buga hoton maigida ranar zagayowar haihuwarsa, al'adar da shi kansa sakataren bai taɓa yi wa mahaifiyarsa ba, don bai san ranar ba.

Akwai masu cewa ai mawaƙan suna kyauta, kuma ba ƙarya suka yi ba. A watan Fabrairun 2022 dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce 'yan dubbai ba, masana'antar ta ɗauki zafi, Naziru Sarkin Waƙa ya ba ta Naira miliyan 2. Alheri ne, Allah ya saka. Abin lura shi ne dubban samarin da suka kwana suna musu a kan ko Naira 5,000 ta isa ladan aikin yini guda, alhali su nasu aikin na dare da rana ko sisi ba a taɓa ba su ba, kuma bai taɓa zuwa musu a rai su tambaya ba. Kyautar da ke faɗowa kan masoyi ɗaya cikin dubu ɗari, waya ce ko babur, ana ɗaukar ta a bidiyo, sauran su kalla da datarsu, kallon ya sake zama kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta masu cewa a bar talaka ya sarara. Wanda ya yini a gona ko a kan babur, ga tsadar taki, ga iyakar Nijar da aka rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ta tsayar da cinikin garuruwan bakin iyaka, idan ya sa waƙa ya ji sanyi a ransa, wa ya isa ya hana shi? Babu. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar Hamisu Breaker ta "Jarumar Mata" ta sa matan aure rawa a gaban mazajensu, gidaje da yawa suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba. Mai sauraro ya biya, ya ji daɗi, ciniki ya faɗa. Amma wanda ya kwanta da ciwon kai saboda wani a Zariya ya ce muryar maigida inji ne ke gyara ta, wannan ba hutawa yake yi ba, aiki na biyu ya ɗauka. Kuma kada masu tsoron Allah na majalisa su yi murmushi, domin su ma suna cikin rajista. Su ne masu tura bidiyon rawa ga mutum arba'in da gargaɗin cewa a ga yadda tarbiyya ta lalace, bayan sun kalle shi sau uku don su tabbatar da girman ɓarnar.

Tunda dai aiki ne, shawarata ita ce a mayar da shi aiki. Kano ta riga ta nuna hanya da sojojin baka, masu shiga rediyo su kare ɗan siyasa su kuma karɓi na cefane, ba wanda ke jin kunyar abin. Sai masoyan Baure su yi rajista a sakatariyar ƙaramar hukuma, a fitar da farashi a manna a shagon mai caji: kirari kaza, martani ga maƙiyi kaza, zagin da ya haɗa da iyaye a ninka saboda haɗarin da ke cikinsa, kwana a kan waya kuma a biya kuɗin ƙarin lokaci. A sa sharaɗin cewa duk ranar da maigida zai shirya da abokin faɗansa, ko zai sauya ɗan takara, ya ba da sanarwar mako biyu domin yara su samu sukunin goge abin da suka rubuta. Matsala ɗaya ce za ta taso wajen aiwatarwa. Da zarar an kai wa mawaƙi takardar neman biya, zai ce bai san su ba, kuma ko a gaban alƙali aka je ya dafa Alƙur'ani, rantsuwarsa ba za ta ci shi ba.