Yadda Ake Saita Hasken Kyamarar Bidiyo da Hannu a Gidan Biki

Airis wata 'yar ƙofa ce a cikin gilashin kyamara, tana buɗewa tana tsukewa kamar ƙwayar ido don daidaita hasken da zai shiga. Zancen cire murfi da cajin batir ba sai an yi ba. Duk wanda ya taɓa dawowa daga ɗaurin aure ya tarar ango ya koma inuwa ya wuce wannan aji.

Na farko, lambobin airis a baibai suke tafiya. A f/2.8 ƙofa a wangale take, a f/16 kuwa ta zama kafar allura. Daga 2.8 zuwa 4, zuwa 5.6, zuwa 8, kowane mataki rabin haske yake ragewa.

Na biyu, a kafe shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, a 1/50 in ana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar sau 50 take juyawa a daƙiƙa, don haka wannan saitin ne ke hana fitilu ƙyafta ido a hoto.

Na uku, a kashe otomatik, kuma dalili shi ne farar shadda. Ma'aunin kyamara yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, ruwan toka ne mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na haske. To abokan ango sun jeru da rana tsaka, kowa shaddarsa na ɗaukar ido. Kyamara ta firgita ta tsuke airis, fuskoki suka yi baƙi ƙirin, sai haƙora. Can wata gwaggo ta gifta da baƙin mayafi, airis ta wangale, riguna suka ƙone fari fat, aikin wuyan da aka yi wata guda ana yi ya ɓace. Cikin gida ma ba sauƙi: a kan gado gaban taga ake zaunar da amarya, haske na kwarara ta bayanta, ƙawaye na haska ta da fitilar waya, janareta na tari. Ranar kallo kuwa ba mai tuhumar taga ko shadda. Mai kyamara ake kira a tambaye shi abin da ya sa ya baƙanta 'yar mutane!

Sauran ba sai an jera su ɗaya bayan ɗaya ba. In rana ta yi yawa, a sa matatar ND mai rage haske maimakon matse airis zuwa f/16, domin matsewar tana dusashe hoto. In an ɗauke wuta, a buɗe airis tukuna kafin a taɓa gen ɗin kyamara, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske. Ƙarin desibel 6 yana ninka haske, amma da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. A kunna zebura, wato zanen gargaɗin kyamara, a 100, duk inda zane ya fito a san wurin ya ƙone.

Ƙa'idar dai ɗaya ce: a matso da hoto kan fuska, a juya airis har fata ta fito da kalarta, a bar ta nan. Ba a sake ɗaura aure don mai kyamara ya gyara haske.