Ɗan Jaki da Ɗanyen Kifi a Yelwa

Mutumin da wannan abu ya faru da shi ni ne. Amma tunda kunya ba ta sake ni ba har yau, ku yi mini uzuri in riƙa kiransa "mutuminku", kamar wani ne can daban da muka haɗu da shi a tasha.

Mutuminku haifaffen Yelwa ne, a masarautar Yawuri, kuma ya daɗe yana cika baki da abu biyu: babu mai koya wa Bayawuri cin kifi, babu mai tsorata shi da yaji. Ba a banza yake faɗa ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta har gindin garinmu, ya haɗiye tsibirai da tungaye, aka tashi mutum sama da dubu 40 aka sake musu mazauni. Abin da tafkin ya ci na ƙasa kuwa ya biya da kifi: giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, har da warangin nan ƙanana da ake shanyawa a rana a auna da kwano. Ga Sarkawa da bandarsu, ga Gungawa da albasarsu. Wanda ya tashi a tsakanin waɗannan, yana karyawa da farfesun kan kifi mai sa hanci zuba, gani yake ya gama karatun abinci ya sauke.

Wata Asabar ɗan ƙanwarsa ya zo masa da labari. Wani abokinsa da ya yi shekaru yana aikin girki a wani gidan abincin mutanen Meziko a Abuja ya dawo gida ya buɗe nasa.

"Kawu, mu je in saya maka. Amma fa ka bi a hankali, yajinsu ba wasa ba ne."

"Meziko? Waɗanda yaranmu suka lallasa uku da nema a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da shekara 17 a Abu Dabi, a 2013? Musa Muhammad ɗan Kano ne fa ya zura ta ukun. Su ne za su ba ni tsoro?"

Iyakar saninsa da ƙasar ke nan, amma bai ga dalilin ƙari ba. Bayan magariba ya zura farar shadda wadda aka karɓo daga wajen mai guga da safe, ya kafa hula. Uwargida ta tare shi a bakin ƙofa: "Malam, tuwon shinkafar fa? In ajiye maka?" Ya ce a ba yara.

Gidan abincin shago ɗaya ne, da teburan roba huɗu da fanka da janareta mai tari a waje. An zana wani itace mai ƙaya kamar ƙyarana a jikin bango, kusa da shi da wata ƙatuwar hula da mutuminku ya rantse malafar Fulani ce aka yi wa ado. Mai shagon, saurayi mai ladabi, ya rusuna ya gaishe shi ya miƙa masa takardar jerin abinci. Mutuminku ya saka tabarau, ya gyara murya don na teburin kusa su ji, ya ce a kawo masa "jalafeno", a zatonsa ƙanin jalof ne.

"Baba, halafenyo ake cewa. Kuma ba abinci ba ne, barkono ne."

Ya yi kamar bai ji ba, ya sauke yatsa ƙasa. "To wannan burito ɗin fa, mene ne?"

"Da yarensu ma'anarsa ɗan jaki."

Mutuminku ya ajiye takardar. Ya cire tabarau. Ya fara laluben takalmansa da ƙafa a ƙarƙashin tebur, yana salati a ciki, yana lissafin yadda zai fita ba tare da wani ya shaida shi ba. Sai da ɗan ƙanwarsa ya riƙe masa hannun riga, yana dariya har da hawaye, ya fahimtar da shi cewa suna ne kawai. Shinkafa ce da wake da nama aka naɗe a cikin wata gurasa mai faɗi. Ba a taɓa jakin kowa ba.

Don ya wanke wannan kunyar sai ya koma filin da ya fi ƙarfi, ya ce a kawo kifi. Aka kawo masa wani abu a ƙaramin kwano wai shi sebice. An yayyanka tsokar giwan ruwa ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, fara fat, tana iyo a cikin ruwan lemon tsami da albasa da tumatur. Ya taɓa kwanon ya ji sanyi. Ya tambaya ko wutar ce ta mutu, aka ce ai wannan ba ya ganin wuta, tsamin lemon ne ke dafa shi.

A nan dole in tsaya wa mutuminku. Gaskiya ne tsami yana sauya tsokar kifi ta yi fari ta yi tauri kamar an dafa, kuma mutanen gabar teku a Meziko da Peru suna ci da daɗi. Amma da kifin teku suka saba yi, kuma lemon tsami ba ya kashe tsutsa da ƙwayoyin cuta yadda wuta ke yi. Kakanninmu da suka zauna a bakin kogin Kwara tun kafin Baturen nan Mungo Park ya wuce ta nan a 1806 ba wauta ce ta sa suke gasa kifi da banda shi ba. Mutuminku ya tura kwanon gefe ya ce, "Ɗana, mayar da shi ruwa, wataƙila ya rayu."

Wannan magana ta jawo masa dariya daga teburin kusa, kansa ya sake kumbura. Ya tashi ya ce sai ya ga inda ake girkin da idonsa.

Abin da ya gani a bayan labule ya ɗaure masa kai. Masara ce a cikin roba, irin wadda ake aunawa a kasuwar Yelwa, an tafasa ta da ruwan toka tun jiya, an bar ta ta kwana, an murje dusar an kai niƙa. Saurayin ya gutsuri ƙullin kamar ƙwan kaza, ya sa tsakanin leda biyu, ya danna da gindin tukunya saboda ba shi da injin matsawa, ya ɗaga ledar a hankali ya jefa faifan a busasshen kasko. Babu mai ko ɗigo. Ya juya sau biyu, abin ya kumbura kamar ya ja numfashi, ya sauke. Wai totiya ke nan. A gefe ga wake an dafa an dame, ga fiya an murƙushe da albasa da gishiri.

"Duk kayan gonarmu ne kuka sauya wa suna," in ji mutuminku.

Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai mu muka ara." Kuma shi ke da gaskiya. A kudancin Meziko aka fara noman masara, shekara wajen 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa da ba ta kai a kalle ta ba. Ita da barkono da tumatur duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, yawanci a jiragen Turawan Fotugal. Kalmar tumatur ma in aka bi sawunta tana komawa ga yaren Aztek na can. Dafa masara da toka ko farar ƙasa kuwa tsohuwar dabararsu ce, tana sa ƙulli ya kama jikinsa, tana kuma sakin wani sinadarin gina jiki da ke ɗaure a cikin ƙwayar. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin Meziko cikin kayan gadon duniya. Mutuminku ya ji duk wannan, abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne: wai barkono baƙo ne a ƙasar Hausa. Ya ce ƙarya ne, ya koma ya zauna.

Aka kawo tako guda uku, soyayyen kifi da kabeji a kan totiya, kowanne bai fi tafin hannu ba. Babu cokali sai wani ɗan ƙarami a cikin wata 'yar tasa mai jar miya. Saurayin ya ce, "Wannan ɗigo biyu ake sawa, Baba. Biyu kawai."

Ɗigo biyu! A gaban mutane! Mutuminku ya dubi 'yar tasar, ya dubi na teburin kusa, ya ɗaga ta ɗungurungum ya juye a kan tako ɗaya kamar mai zuba miyar kuka a kan tuwo. Ya naɗe ya kai baki. Da ya ciji gaba sai bayan ya buɗe, kifi da kabeji da jar miya suka gangaro ta gwiwar hannu suka sauka a ƙirjin farar shadda.

Daƙiƙa biyar na farko bai ji komai ba, har ya ɗaga gira yana shirin cewa "Wannan ne?" Maganar ba ta fito ba. Harshensa ya kama da wuta, wutar ta bi maƙogwaro, ta hau kunnuwa. Shaƙuwa ta sarƙe shi. Gumi ya karyo daga ƙarƙashin hula. Ya cire hular ya shiga fifita da ita, ya ga ba ta isa ba, ya miƙe ya tsaya a gaban fanka baki buɗe kamar tarwaɗar da aka jefo kan tudu. Ledar ruwa huɗu ya shanye a tsaye, kowace tana ƙara rura abin.

Daga baya aka yi masa bayani, lokacin da bayani ba shi da sauran amfani. Sinadarin da ke sa zafin barkono, kafsaisin, ba ya narkewa a ruwa. Ruwa yawo kawai yake kai shi lungu-lungu na baki. Madara da maiƙo ne ke kama shi su wanke. Akwai ma ma'auninsa, wanda wani Ba'amurke mai harhaɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912: halafenyon da ya fara nema yana tsakanin 2,500 da 8,000, habanero kuwa, abin alfaharin mutanen Yukatan da ke Meziko, daga 100,000 yake farawa har 350,000.

Allah ya taimake shi da wata Bafulatana da ta makara a kasuwa, tana wucewa da ragowar kindirmo a ƙwarya. Ɗan ƙanwarsa ya tsayar da ita. Mutuminku bai jira ludayi ba, ya durƙusa a bakin titi ya kafa kai. Tana kallonsa tana tambayar ko kunama ce ta harbe shi.

Da numfashi ya dawo, ya share hawaye da hannun riga, ya nemi ya tsira da ɗan mutunci. "To, ba laifi. Barkonon Meziko ya yi. Ta jirgi ake kawo maka shi?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Baba, ina zan ga habanero a Yelwa? Attaruhu ne na saya da safe a kasuwa. Ai dangi ɗaya ne, zafinsu ma ɗaya. Ku a gida ana niƙa shi da tattasai da tumatur, a soya da mai, a raba wa mutum goma. Ni gasa shi kawai na yi na daka. Guda ashirin ne a tasar nan."

Mutuminku ya koma gida a bayan ɗan acaba, yana riƙe da gaban riga don kada fitilar motoci ta haska taswirar da ke jiki. Uwargida ta dube shi daga sama har ƙasa, ba ta ce uffan ba, ta shiga ta fito da kwano a rufe. Ashe ba ta ba yaran ba. Ya ci tuwonsa da sanyi, yana hura iska tsakanin loma da loma.

Shaddar ta je wajen mai wanki sau biyu, jan bai fita ba. Shagon yana nan, na kuma ji an daina sebice, an koma gasa kifin. Hular ce dai ba a gani ba tun daren. Duk wanda ya tsinci hula ruwan toka a gaban fankar wani shago a Yelwa, mai warin gumi da attaruhu, don Allah ya ba ɗan ƙanwata ya kawo mini, ni ba zan iya komawa karɓa ba.