Saɓani a Titin Sakkwato

Titin da ya taso daga birnin Sakkwato, ya bi ta kusa da filin jirgin sama, ya ratsa Boɗinga, ya wuce Shagari ya nufi Tambuwal, shi ne ma'aikacin lafiyar da ya fi kowa ƙwazo a yankin, kuma bai taɓa neman alawus ba. Da hantsi ayari biyu yake ɗauka. Na farko ya fito daga birni: malaman asibitin da aka tura karkara amma suke kwana a Mabera ko Arkilla. Na biyu ya fito daga ƙauye: majinyata a bayan kabu-kabu ko a jingine cikin mota, sun nufi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A tsakiyar hanya sai a yi saɓani. Mai magani ya yi kudu, mai ciwo ya yi arewa, direbobinsu su danna wa juna ham don zumunci.

Wanda ya ƙi bin titi ya tsaya a asibitin sha-ka-tafi na garinsu, benci zai tarar da maigadi. Maigadin nan ya fi kowa sanin tsarin lafiya. Ya san ranar awo, ya san inda makullin ɗakin magani yake kwana, kuma tun kafin a gama sallama ya shirya amsa: "Baba, incaji ya tai bita."

Bita kuwa ba ta ƙarewa. Yau ta maleriya, gobe ta tamowa, jibi ta koyon cike fom ɗin da za a rubuta cewa an je ta jiya. A otal ake yi, da shayi da jaka mai tambari da kuɗin mota. Kada a yi saurin zagin incaji. A kwanakin da yake nan, shi ne mai yankan kati, shi ne mai allura, shi ne mai riga-kafi, shi ne akawun da ke fama da manyan rijistoci masu layi-layi, kuma in haihuwa ta zo cikin dare da fitilar waya za a karɓe ta. Ba gidan ma'aikata, ba ruwa, firijin allurai yana jiran a gyara sola. Mutumin da aka bai wa zaɓi tsakanin wannan da ɗakin taro mai sanyi, ba sai an yi masa duba ba a san inda zai nufa.

Takardu dai ba a rasa su ba. A 1978, shekara guda kafin ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ya zama shugaban ƙasa, duniya ta taru a Alma-Ata ta yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Shekarar ta zo ta gaishe da jama'a ta wuce. An kafa hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992. A 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja suka ce kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi na lafiya ne. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci. Da takarda tana sauke zazzaɓi, da tuni mutanen Sifawa da Kajiji sun manta sunansa.

Shugabanni kuma gini suke so, don gini yana fitowa a hoto. A shafa fenti, a kafa rumfa, a kira maroƙa, a yanka ƙyalle, a leƙa gadajen da ko ledarsu ba a cire ba. Ungozomar da za ta kwana a ciki ba ta da allon da za a rubuta sunan mai girma a jikinta, don haka sai kasafin baɗi.

Majinyacin ma ba waliyyi ba ne. Sai ya gama da jiƙo, ya gama da tofi, ya bi ta kemis ya sayi ƙwayoyi kala uku na kuɗin da ke aljihunsa, sannan a kinkimo shi ranga-ranga. In aka ba shi ƙwaya aka ce ya koma gida, an raina ciwonsa. Shi allura yake so da ƙarin ruwa, yadda 'yan dubiya za su ga alama. Amma allurar da ake yi wa jariri kyauta don kada ciwon ya zo, ita ce sai an nemi izinin maigida, maigida kuma ya tafi kasuwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin ɗari kacal na yaran jihar Sakkwato ne suka samu cikakken riga-kafi, alhali a Anambra kashi 76 ne. Abin mamakin shi ne, lokacin yaƙi da shan-inna, da aka sa ido aka biya alawus, Sarkin Musulmi da hakimai suka sa baki, babu ƙofar da ba a shafa wa alli ba, har aka tabbatar a 2020 cewa cutar ta daji ta bar Najeriya. Ashe an san hanyar kowane ƙauye.

Likitoci kuwa tafiyarsu ba ta tsaya a birni ba. A 2021 an ga layinsu a wani otal a Abuja suna neman aikin Saudiyya, daga baya kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya ce fiye da 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar zuwa bakwai.

A 2025 gwamnatin Gwamna Ahmad Aliyu ta jihar Sakkwato ta ce ma'aikatan lafiyar da jiha ta ɗauki nauyin karatunsu za su yi shekara biyu a karkara, da ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan albashi. Dabara ce mai kyau, sai dai za ta gamu da tsohuwar sana'ar neman alfarma. Kawu zai saka babbar riga ya tafi gidan ɗan majalisa: "Ranka ya daɗe, yarinyar nan ɗiyarka ce, mijinta yana birni, ga goyo." Ɗan majalisar da ya yi jawabi a kan ƙarancin nas-nas a mazaɓarsa shi ne zai ɗaga waya. In tiransifar ta ƙi sokuwa gaba ɗaya, sai a roƙi sassauci: a taimaka a bar ta a Boɗinga, inda za ta iya sa hannu a rijista ta koma gida kafin la'asar.