Fim mai magana, jarumi ba baki

Masu musu, ku matso kusa, yau da ku nake. Ku ne da an kunna fim ɗin Indiya kuke taɓe baki, wai rawa da waƙa lalacewar zamani ce, a da can labari zalla ake yi. Wane da ɗin? Ranar 14 ga Maris, 1931 aka haska Alam Ara a sinimar Majestic da ke Bombay. Shi ne fim na farko da ya yi magana a Indiya, kuma da waƙoƙi 7 ya shigo. Shekara na zagayowa aka yi Indrasabha mai waƙoƙi kusan 70. Tun ran gini tun ran zane, malam.

Na ji wani daga baya yana cewa ai lokacin akwai natsuwa da tsari. Sannu, Alhaji Tsari. Ɗakin ɗaukar fim na kamfanin Imperial, inda darakta Ardeshir Irani ya yi aikin, yana dab da titin jirgin ƙasa. Da rana jirgi ke da baki, sai bayan ƙarfe 1 na dare 'yan wasa ke samun nasu. Hoto da murya tare ake ɗauka, babu gyara daga baya. A ɓoye makirfo kusa da ɗan wasa, makaɗa su raɓe inda kyamara ba ta kai ba, mawaƙi ya rera a nan take. Haka W. M. Khan, wanda ya fito a almajiri mai bara, ya yi waƙar da ta fi kowacce tashe.

Ku riƙe hulunanku, ga babbar. Irani ya ɗauko Master Vithal, gwanin faɗa da takobi a fina-finai marasa magana, ya ba shi matsayin jarumi. Tsohon kamfaninsa, Sharda, ya maka shi kotu kan karya yarjejeniya. Lauyan da ya kare shi har ya yi nasara? Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa Pakistan a 1947. Ku yi ta girgiza kai, wuyanku ne. Bayan duk wannan shari'a aka gano harshen Hindustani bai zauna a bakin Vithal ba, dole aka gyara labarin yadda zai yi ta shiru.

Jarumar, Zubeida, ta tsira da bakinta. 'Yar Fatma Begum ce, mace ta farko da ta ba da umarnin fim a Indiya. A cikin 'yan wasan har da Prithviraj Kapoor, mahaifin Raj, Shammi da Shashi, kakan Rishi. Wato Kareena Kapoor da kuke wa kallon 'yar zamani, tattaɓa-kunnen mutumin Alam Ara ce. Da aka haska fim ɗin kuwa, cunkoson 'yan kallo sai da 'yan sanda suka shigo.

Yanzu za ku ce, “Kawo fim ɗin mu gani da idonmu.” A nan kun kama ni, amma ku ma ba ku tsira ba. Fim ɗin ya ɓata, ko ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Pune ba ta da kwafinsa. Hotuna da allunan talla suka rage. Saboda haka kawun nan na majalisarku da ke rantsuwa ya kalle shi a kaset, ku ce masa ina gaisuwa, ya aiko mini aro, kuɗin mota a wuyana.